Gidan da Na Hango a Ɗa'ifa

Ni mutumin Haɗeja ne, kuma a ƙasarmu in ka hangi abu, to ka isa gare shi. In ka ga rimi a nesa sai ka miƙe ka nufe shi, ko gona za ka keta ko fadama, iyakar wahalarka ka naɗe wando ka tsallake ɗan ruwa. Da wannan hankalin na girma, da shi na je Ɗa'ifa, garin da ke kan duwatsu a gabashin Makka, na tafka asarar da har gobe ban huce ba.

Da Umara na shigo Saudiyya, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka shigo, na kuma ƙi komawa. Na sauka a Jidda, na sami aikin dakon kwali a wani sito a unguwar Khumra, muna kwana mu shida a ɗaki ɗaya. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma wanda ba shi da ita a garin nan kullum kunnensa a tsaye yake. A satina na farko wani mai tasi ya yi ta zagaya da ni cikin lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, sai da na ga shagon mai turare ɗaya sau uku kafin na gane wasa yake da hankalina. Daga baya kuma hirar ɗakinmu ba ta wuce labarin wane da direba ya kai shi har bakin motar 'yan sanda, da wane da aka kwashe a tasha aka kai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wanne ne gaskiya, wanne ne ƙari, ban sani ba. Ni dai na haɗiye su duka, na zama mutumin da ba ya yarda da direba ko da ubansa limami ne.

Amma ba neman abinci kaɗai ya kawo ni ba, akwai aiken da mahaifiyata ta ɗora mini. Iya tana da yaya guda ɗaya a duniya, Inna Asabe, wadda ta bi mijinta aikin Hajji tun kafin a haife ni, suka zauna a Jidda, daga baya ya sami aikin lambu a Ɗa'ifa suka koma can. Lokacin da kakarmu ta kwanta ciwon ajali an aika mata saƙo sau biyu ta hannun alhazai, ba ta zo ba. Iya ce ta yi jinya ita kaɗai wata takwas. Bayan an yi sadakar bakwai sai ta sa aka aro mata rikoda, ta zauna ta cika kaset guda da magana, ta ba wani alhaji ya kai. Ban taɓa jin kaset ɗin ba, amma na san bakin Iya in ranta ya ɓaci, don ni na gaje shi. Abin da ta yarda ta gaya mini kawai shi ne ta rufe da cewa, "Daga yau ba ni da yaya."

Inna Asabe ba ta mayar da amsa ba, shekara talatin da wani abu. Sai can baya Iya ta ji dalilin rashin zuwan: a lokacin ba ta da takarda, ga jariri a hannu ga wasu biyu a ƙasa, in ta fita ba za ta iya dawowa wajensu ba. Tun daga ranar abin yake cin Iya. Da zan taho ta kama hannuna ta ce, "Isiyaku, ka nemo mini Yaya. Ka ce ta yafe mini. Abin da ta ce, ka kawo mini shi yadda ta faɗa, kada ka gyara."

Samun su bai yi wuya ba. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a Balad ta san mai sanin su, cikin wata biyu na sami lambar 'yarta, Munira. Haihuwar nan ce, ta girme ni, Hausarta rabi da rabi ce da Larabci. Ta yi murna ƙwarai. Na ce to ga abu ya zo da sauƙi, bari in haɗa tsofaffin nan biyu a waya su gama. Munira ta je ta dawo ta ce, "Wallah ya akhi, Ummi ta ƙi. Ta ce muryar Ladi a cikin na'ura ta ji sau ɗaya, ya ishe ta. Ta ce in Ladi tana da magana, jininta ya zo ya zauna a gabanta ya faɗa, ita ma ta ba shi amsa a kunnensa." Ladi ita ce Iya.

Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ni kuwa na shekara biyu ban yi ta ba. Akwai shingayen 'yan sanda a hanya, kullum in ce sai an ɗan sassauta, sai bayan azumi, sai bayan Hajji. Iya ta tambaya, in ce ina nan ina shiri. Abin kunyar shi ne, dalilin da ya hana Inna Asabe zuwa jinyar uwarta shi ne ya hana ni zuwa wajenta, ban kuma lura da hakan ba sai da aka gama komai.

Wata ranar Talata Munira ta kira. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Isiyaku, Ummi ta'abana, jiki ya yi nauyi. Likita ya ce a kai ta gida, khalas. Tana tambayarka. Ka zo gobe, kada ka ce jibi."

A satin ne kuma wata mata da ta zo Umara daga garinmu ta kawo mini ƙulli daga Iya: daddawar da ta yi da hannunta, da garin kuka, da zane turmi ɗaya. Na zuba su a jaka. Malam Nuhu, Badamagare mai kwana kusa da ni, shi ya samo mini wani direba da ya san yadda ake bi da irinmu. Da zan fita bayan asuba ya ce, "Ka san halinka dai. Can ba Jidda ba ce, ka bi abin da mutanen wurin suka ce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara." Na ce masa ya riƙe wa'azinsa, ni ba yaro ba ne.

Mun wuce shinge biyu, ina ƙudundune a kujerar baya tsakanin wasu ma'aikata, ba wanda ya dube ni. Da muka fara hawan dutsen kuwa sai na manta da 'yan sanda. Hanyar ba ta san miƙewa ba, kwana bayan kwana, ka duba ta taga ka ga titin da ka baro yana ƙarƙashinka, motoci a kai ƙanana kamar ƙwaro. Kunnuwana suka toshe. Birai zaune a bakin titi suna kallonmu ba ko tsoro. Zafin Jidda da na saba da shi ya ɓace, wani sanyi ya riƙa shigowa ta taga, ni kuma daga ni sai 'yar riga da silifa.

Wajen ƙarfe goma na safe aka sauke ni a cikin gari. Na kira Munira, ta ce gidansu yana bayan gari ne, in tari tasi in ba direban waya ta yi masa kwatance. Ta ƙara da cewa, "Yau ta tashi da sauƙi, ta sha shayi, tana magana. Yalla, ka yi sauri."

Wanda na tara wani dattijo ne ɗan Yaman, gemunsa ja da lalle, motarsa ta tsufa kamar shi. Ya karɓi wayar suka yi magana, yana ta gyaɗa kai, ya ajiye ta kusa da giyar motar don ko zai sake kira. Jakata tana kujerar baya. Mun ɗan yi tafiya sai ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Indak iƙama?" wato ina da takarda? Na kau da kai, hakan kuwa ya ba shi amsa. Ya ce, "Ɗayyib," wato to, bai ƙara komai ba. A raina na ce ga irin wanda ake ba da labari.

Muka fita daga cikin gine-gine muka hau wani tudu. A samansa ya rage gudu ya nuna mini da yatsa. "Shuf, shuf," wai in duba. Can a ƙetaren wani kwari, a jikin dutsen da ke fuskantarmu, ga wani farin gida da koren tankin ruwa a kansa, kusa da wani ƙaramin masallaci. Ya ce shi ne. Ina iya ƙirga tagoginsa. A awon Haɗeja, tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, ba ta fi ba.

Sai muka zo inda hanya ta rabu biyu. Ta dama ta karkata wajen gidan. Dattijon nan ya juya sitiyari ya ɗauki ta hagu, ya ba gidan baya.

Na ce, "Baba, ina za mu? Ga gidan can!"

Ya ce, "Isbir, ya waladi, isbir." Wai in yi haƙuri.

Na waiwaya, gidan yana ƙara ƙanƙancewa, har wani dutse ya rufe shi. Na juyo, sai na hangi motar 'yan sanda a tsaye a wani gidan mai a gabanmu. Shi ke nan, lissafina ya cika. Ya tambayi takarda, ya bar hanyar gida, ga kuma su can suna jira. Na daka masa tsawa ya tsaya, ya ci gaba da cewa isbir. Da muka zo wata kwana ya taka birki saboda awaki, na buɗe ƙofa na dira, na yi ta gangarawa cikin duwatsu har na sami wani babba na laɓe a bayansa.

Ina jin sa a sama yana danna oda, yana kira, "Ya Hajji! Ya Hajji!" Ya daɗe yana yi. Ni kuwa ina durƙushe ina yaba wa kaina wayo. Sai da na ji motar ta tashi sannan na laluba aljihu, na tuna wayata tana gefen giya, jakar Iya tana kujerar baya, lambar Munira kuma ban haddace ta ba. Na ɗan ji zafi, amma na ce ba komai, ai na ga gidan da idona.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, na sha faɗa wa mutane wannan, ranar na san ma'anarsa. Na zagayo dutsen na sake ganin koren tankin, na miƙe na nufe shi kamar yadda na saba. Gangaren ya fi yadda na zata tsayi. Ƙasar tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ga wani irin tsiro mai faɗin ganye cike da ƙaya, na dafa shi sau ɗaya na gane kurena. Silifata ɗaya ta tsinke, na ɗaure ta da zaren leda. Da na isa ƙasan kwarin sai na tarar ba kwari ɗaya ba ne, akwai wani kwazazzabo a cikinsa mai zurfin gida biyu, wanda ba a ganinsa daga sama. Na bi gefensa ina neman wurin ƙetarewa, yana ta karkatar da ni. Daga nan ƙasa kuma ba gida ba tanki, duwatsu ne kawai kowanne kamar ɗan'uwansa.

Ina cikin kwazazzabon na ji kiran sallar azahar, yana fitowa ta ko'ina, duwatsu suna mayar da shi, na kasa gane ta inda masallacin yake. Na yi taimama na yi salla a kan wani falalen dutse. Na fara hawa ɗaya ɓangaren, taku goma sai in tsaya ina haki, ni da nake ɗaukar kwali tun safe har yamma ban gaji ba. Ina tsakiyar hawan gajimare ya sauko ya rufe wurin, ko tsayin igiya ba na gani. Na zauna ina rawar sanyi, ƙaya a tafin hannu, ƙishirwa ta busar mini da maƙogwaro. A nan ne na fara zargin ko dattijon nan ba abin da na ɗauke shi ba ne, na yi maza na kori tunanin don ba zan iya ɗaukarsa ba.

Da gajimaren ya yaye na ƙarasa sama, na faɗa cikin wata gonar furanni mai shingen waya. Gidaje uku na gani a nesa, biyu a cikinsu da koren tanki. Wani tsoho Balarabe yana duba akwatunan ƙudan zumarsa a gefen gonar. Ya kalli ƙafafuna, ya kalli inda na fito, ya girgiza kai ya ce ko akuya ba ta bin nan. Ya ba ni ruwa, ya ɓare rumman ya miƙo mini, bai tambaye ni takarda ba. Da guntun Larabcina na ce ina neman gidan Asabe. Bai san wata Asabe ba. Na ce tsohuwa ce baƙa, 'yar Najeriya, mijinta mai lambu ne ya rasu. Ya ce, "Ummu Faisal?" Sai na tuna Munira ta taɓa ambatar wanta Faisal. Ya sa ni a akori-kurarsa. Shi ma da ya tashi, baya ya ba unguwar, ya yi ta zagaye. Wannan karon na kama bakina.

Ana fitowa daga sallar la'asar muka isa. Abin da na fara gani a ƙofar gidan shi ne tsohuwar tasin nan, da mai ita zaune a kan tabarma, gemunsa ja. Ya miƙe ya zaro wayata daga aljihu ya sa mini a hannu. Bai zage ni ba, bai ko ɗaure fuska ba. Ya ce, "Alhamdu lillah alas salama." Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Munira ta fito, idanunta sun kumbura. Ita ta fassara mini abin da ya faru. Hanyar dama da na so a bi, akwai shingen 'yan sanda a bakinta, shi ya sa dattijon ya tambaye ni takarda, shi ya sa ya ɗauki ta hagu mai zagaya bayan dutse. 'Yan sandan gidan mai shayi suka tsaya saya. Da na gudu ya kira ta da wayata, ya kawo jakar har gida, sannan shi da Faisal suka yi ta zagaya titunan suna nemana, ya bar aikinsa na yini guda. Na tambaya, daga inda na dira zuwa ƙofar nan nawa ya rage? Dattijon ya ɗaga yatsunsa goma. Minti goma.

Na ce, "Yaya Munira, ina Inna?"

Ta ce, "Tana ciki. Sai dai ba ta magana. Tun bayan azahar."

Ta ce da jakar ta iso aka buɗe a gabanta. Inna Asabe ta ɗauki daddawar ta sansana, ta daɗe tana riƙe da ita, ta ce, "Wannan hannun Ladi ne." Ta sa aka goge mata jiki, aka yafa mata sabon zanen, aka tayar da ita zaune aka jingina ta da matasai tana fuskantar ƙofa. Duk motsin da aka yi sai ta ce, "Shi ne?" Munira ta roƙe ta, ta ce Ummi ki faɗa mini abin da za ki faɗa, in ya zo in gaya masa. Ta ce a'a, maganar tana bakinta, ɗan Ladi za ta ba wa. Da aka yi azahar ta ce ta gaji a kwantar da ita kaɗan, in na zo a tashe ta.

Na shiga. Ban taɓa ganinta ba, amma fuskar Iya ce kwance a gadon, har da tsagen nan uku a gefen baki. Daddawar tana kan ɗan tebur kusa da kanta. Na durƙusa na kama hannunta da hannuna mai ƙaya, na sa bakina a kunnenta na ce, "Inna, ni ne Isiyaku, ɗan Ladi. Na zo. Iya ta ce ki yafe mata." Na faɗa sau uku. Tana numfashi a hankali, idonta a rufe. Na so in ce ta matsa hannuna, na sha gwada gaya wa kaina haka, amma ba ta matsa ba.

Kwana biyu na yi a bakin gadon nan ina maimaita saƙon, ko za ta farka. Ranar Juma'a da hantsi ta cika. Muka kai ta bayan an sauko daga masallaci, dattijon mai tasi yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Sai da na koma Jidda na iya kiran Iya. An riga an gaya mata rasuwar, don haka ba ita take jira ba. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Sannan ta ce, "To, me ta ce?"

Na yini ina shirya ƙarya. Kalma biyu ce kawai, ta yafe, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Amma ita ta ce kada in gyara. Na gaya mata zancen daddawa, da zanen, da zaman da ta yi tana kallon ƙofa, da maganar da ta ce tana bakinta. Iya tana saurare, ina jin numfashinta.

Ta ce, "Wacce magana ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Iya. Ban same ta tana magana ba."

"Kai kana ina lokacin?"

"Ina hanya."

Sannan ta ce, "Da nisa ne tsakaninku?"

Na ce, "A'a, Iya. Ina hangen gidan."

Ba ta yi mini faɗa ba, ita da ba ta barin ko-ta-kwana. Ta ce, "Allah ya jiƙan Yaya," ta miƙa wa ƙanwata wayar.